Shaidar Ƙarfe da Shaidar Baki: Yadda Ake Tantance Tsohuwar Bindigar Soja

 

Zancenmu na yau a kan tsofaffin bindigogin soja ne, waɗanda aikinsu na yaƙi ya ƙare tun zamanin kakannin kakanni, suka koma kayan tarihi, ana rataye su a bango, ana ajiye su a gidajen adana kayan da, ana kuma cinikinsu da kuɗi masu nauyi a wuraren gwanjo na Landan da Amurka. Akwai mutane a duniya waɗanda Allah ya ɗora wa sha'awar tara irin waɗannan kaya, ba don harbi ba, sai don abin da ke rubuce a jikinsu na labarin dauloli da sarakuna. To, duk inda sha'awa ta gamu da kuɗi, algus ba ya nisa. Saboda haka tambayar da za mu bi ita ce, ta yaya mutum zai rarrabe sahihiya da jabu? Amsar a taƙaice, kafin mu shiga sharhinta, ga ta: shaida guda ba ta isa. Ku riƙe wannan, domin za mu yi ta komowa kanta. Shaida guda ba ta isa.

Malamanmu na hadisi, Allah ya saka musu da alheri, sun bar mana ma'auni wanda ya dace da wannan bincike, domin su idan aka kawo musu ruwaya sukan dubi isnadi, wato jerin mutanen da suka karɓo ta daga juna, sa'an nan su dubi matani, wato ita kanta maganar, ko tana da illa a ɓoye, ko ta saɓa wa abin da ya riga ya tabbata. Ba muna daidaita ilmin hadisi da cinikin tsohon ƙarfe ba ne, ina, tsakaninsu akwai nisa mai yawa. Aron hanya kawai muka yi. Matanin bindiga shi ne ƙarfenta da katakonta da hatiman da aka buga mata. Isnadinta kuwa shi ne labarin hannuwan da ta bi har ta iso gare ka. Da matani za mu fara, don shi ne ba ya sauya magana gobe.

Domin kada zance ya watse, bari mu ɗauki bindiga guda mu yi misali da ita, wato Martini-Henry. A shekarar 1871 gwamnatin Ingila ta zaɓe ta ta zama bindigar sojanta, aka kuma haɗa mata sunan mutum biyu: Friedrich von Martini na ƙasar Suwizalan, wanda ya gyara dabarar buɗewa da rufewa da wani Ba'amurke mai suna Peabody ya fara, da Alexander Henry, maƙerin bindiga na Sikotilan, wanda ya tsara tsagar nan mai murɗewa da ke cikin bututu. Harsashi ɗaya take ci. A ja mariƙin da ke ƙarƙashi, ƙarfen da ke toshe bayan bututu ya sunkuya, a zura harsashi, a mayar da mariƙi, shi ke nan ta ɗanu. Da ita Turawan Ingila suka yaƙi Zulu a 1879, da ita suka shiga Afganistan, da ita kuma suka gwabza da Ansarun Mahadi a Sudan. Dalilin da ya sa muka zaɓe ta shi ne, da wuya a sami wata tsohuwar bindigar soja da aka kwaikwaya kamar ita, kuma daga baya irinta ta iso ƙasarmu a kafaɗar sojan Turawa.

To, masu sauraro, ga bindiga a gabanka, ina za ka fara dubawa? Ka juya ta ka dubi gefen dama na ƙarfen tsakiya, wanda ke haɗa bututu da ƙota, wanda za mu kira ƙugun bindiga. A nan gwamnati take buga shaidarta, kuma bisa tsari take buga ta, daga sama zuwa ƙasa. Can sama akwai kambin sarauta. Ƙarƙashinsa haruffa biyu, V da R, alamar Sarauniya Biktoriya. Sai sunan maƙerar da ta yi aikin, ko dai Enfield, wadda ita ce ta gwamnati, ko ɗaya daga kamfanonin da aka ba kwangila, kamar BSA na Bamingam da LSA na Landan. Sai shekara. Sai ƙaramar alamar mai duba aiki. A ƙarshe sai lambar Rumawa mai nuna samfuri, daga na ɗaya zuwa na huɗu. Ban da waɗannan, kusan kowane guntun ƙarfe na bindigar yana ɗauke da ɗan ƙaramin hatimi na ma'aikacin da ya duba shi ya amince, wato ɗan kambi da harafi da lamba, ga kuma alama mai siffar kan kibiya tare da haruffan W da D, wadda ke nuna cewa kayan Ma'aikatar Yaƙi ne. Idan ka ga kan kibiya biyu suna fuskantar juna, ma'anarsa gwamnati ta sallami bindigar, ta sayar da ita bisa ƙa'ida.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan hatimai ba kowanne ke tsaye shi kaɗai ba, kowanne shaida ne a kan ɗan'uwansa, kuma aikin mai bincike shi ne ya tara su wuri ɗaya ya ji ko bakinsu ya zo ɗaya. Ga misali. Sarauniya Biktoriya ta rasu a watan Janairu na 1901, ɗanta Edward ya gaje ta, haruffan hatimi suka koma E da R, har siffar kambin ma ta sauya. Saboda haka bindigar da ke ɗauke da V da R, amma shekarar da ke ƙarƙashinsu ta ce 1915, ta riga ta ƙaryata kanta da kanta, ba sai an kira kowa ba. Ga wani misalin. Samfuri na huɗu shi ne mai dogon mariƙi, kuma an tsawaita shi ne bayan wahalar da aka sha a Sudan, inda kwanson harsashi na tagulla mai laushi yakan maƙale cikin zafi da rairayi, soja ya yi ta fama ya kasa fid da shi. Wannan gyara bai zo ba sai bayan tsakiyar shekarun 1880. In ka ga dogon mariƙi a jikin bindigar da ta ce an ƙera ta a 1875, ka san ɗaya daga cikin shaidun nan biyu yana ƙarya. Kun ji dalilin da ya sa muka ce shaida guda ba ta isa.

Yanzu bari mu juya ga masu kwaikwayo. A arewa maso yammacin Pakistan, kudu da birnin Peshawar, akwai wani gari da ake kira Darra Adam Khel, wanda shi da ƙauyukan da ke kan hanyar mashigin Khyber suka shahara fiye da shekara ɗari da ƙera bindiga da hannu. Maƙeran wurin, gaskiya a faɗe ta, gwanaye ne ƙwarai, domin mutum zai zauna a ƙasa cikin 'yar rumfa, da guduma da magagari da ƙarfen da ya samo ko da na titin jirgin ƙasa ne, ya dubi bindigar Turawa ya fitar da mai kama da ita, har da kambi, har da haruffa, har da kan kibiya. Sai dai da yawa daga cikin na farkonsu ba su karanta rubutun Turawa, zanensa suke kwaikwaya. Shi ya sa ake samun sunan Enfield da harafin N a juye, ko harafi ɗaya ya ɓace, ko kambi ya karkace, ko a buga hatiman duba aiki birjik a inda babu dalilinsu, don a ganin mai bugawa yawan hatimi shi ne ƙarin daraja.

Da farko ba don a cuci masu tara kayan tarihi ake yin wannan ba. Mutanen duwatsun nan bindigar aiki suke nema, kuma hatimin Sarauniya yana ƙara mata kwarjini a kasuwarsu. Amma bayan shekarar 2001, da sojojin Amurka suka cika Afganistan, sai wata sabuwar kasuwa ta buɗe, domin dokar Amurka tana ɗaukar bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, ana iya kai ta gida ba tare da wahalar da ke kan sabuwa ba. To, tun da shekara ce ke buɗe ƙofa, sai shekara ta zama abin sayarwa. Aka yi ta buga tsofaffin shekaru a kan ƙarfen da bai tsufa ba, aka kuma koyi gyara kurakuran rubutu. A nan ne nake ganin masu cewa da ka duba harafin N ka gama bincike suna yaudarar kansu. Harafi a juye hujja ce cewa jabu ce. Amma harafi a miƙe ba hujja ba ce cewa sahihiya ce.

Idan rubutu ya gaza raba gardama, sai a koma ga aikin hannu. Bindigar da ta fito daga maƙerar gwamnati inji ne ya yanke ta bisa awo guda, ta yadda za a cire wani ƙarfe daga wannan a sa wa waccan ya zauna daram. Ta Darra kuwa kowace da nata awon, kusar wannan ba ta shiga waccan. In aka buɗe cikinta, inda ido ba ya kaiwa, sai a tarar da sawun magagari, da kusurwoyin da ba su daidaita ba. Haruffan gwamnati zurfinsu ɗaya, layinsu ɗaya, na kwaikwayo kuwa bi-da-bi aka buga su, wani ya nutse, wani ya taso, wani ya leƙa sama. Sa'an nan a haska cikin bututu. Tsagar Henry tana da fuska bakwai, tana murɗewa a hankali bisa ƙa'ida, kuma ita ce abin da ya fi wuyar kwaikwaya ga mai aikin hannu. Ma'aunin saiti da ke bisa bututu shi ma yakan tona asiri, don sau da yawa lambobinsa a na jabu ado ne kawai, tazararsu ba ta bin lissafi.

Sai tsatsa. Tsufan gaskiya ba ya zuwa bai ɗaya. Inda tafin hannu ke kamawa ya yi santsi, inda katako ya rufe ƙarfe launin asali yana nan, gefen haruffa ya lallashe tare da sauran jiki. Tsufan da aka yi da ruwan magani ko aka binne a ƙasa kuwa ko'ina iri ɗaya ne, kuma in an buga hatimi a bayan tsatsa, za ka ga bakinsa da kaifi, cikinsa da haske, alhali ƙarfen da ke kewaye da shi ya ci duniya.

To, a nan zancen zai ɗan juya, ina roƙonku ku biyo ni a hankali. Kamar yadda kyan hatimi ba ya tabbatar da gaskiya, haka nan ba kowace baƙuwar alama ce ke tabbatar da ƙarya ba, kuma nan ne mai gaggawa yakan zubar da sahihiya yana tsammanin ya tsira daga jabu. Gwamnatin Ingila ba ta son asara, in ta sauya samfuri takan mayar da tsofaffin bindigoginta maƙera a gyara su. Da aka fito da samfuri na biyu a 1877, dubban na farko aka mayar, aka ƙara musu sanda ɗaya kusa da lambar da ke nan tun asali, shi ya sa lambar biyu a jikinsu ba ta zauna a tsakiya ba, ta gusa gefe guda. Wanda bai sani ba ya ce aikin jabu ne, wanda ya sani kuwa ya gane wannan karkatar ita kanta shaida ce. Haka kuma daga tsakiyar shekarun 1890 aka riƙa sauya wa Martini bututu don ta ci sabon ƙaramin harsashi, aka kira ta Martini-Enfield, aka bar tsohuwar shekara a dama, aka buga sabuwa a hagu. Shekara biyu a jikin bindiga ɗaya, kuma duka gaskiya ne. Wadda ta gabaci Martini-Henry ma, wato Snider, wadda sojan Ingila suka kai yaƙin Kumasi a 1874, asalinta bindiga ce mai ɗuri ta baki, aka yanke bayanta daga 1866 aka yi mata ƙofa, saboda haka shekarar da ke jikinta takan girmi dabarar da ke cikinta.

Akwai kuma waɗanda suka yi kama da ta sojan Ingila, ba ita ba ce, kuma ba jabu ba ne. Daular Usmaniyya ta sayi ɗaruruwan dubbai na Peabody-Martini daga wani kamfani na birnin Providence a Amurka, ta yaƙi Rasha da su a 1877, kuma a jikinsu tambarin Sarkin Musulmi na Istanbul ne da lambobin Larabci. Sarkin Afganistan Abdurrahman ya kafa maƙerar gwamnati a Kabul, wadda ke buga wa nata bindigogin hoton masallaci da shekarar Hijira, kuma mai son lissafi sai ya tuna shekara ta 1300 ta kama ne a ƙarshen 1882. Mutanen Nepal sun ƙera tasu mai suna Gahendra. Kamfanonin Bamingam kuma sun ƙera Martini ta kasuwa don a sayar wa kowa, wadda ke ɗauke da hatimin gidan gwajin bindiga na garin, wanda aka kafa a 1813, amma babu kan kibiya, don ba ta taɓa shiga rumbun gwamnati ba. Kowace daga waɗannan tana da darajarta da masu nemanta. Aibi yana shigowa ne ranar da dillali ya kira ta da sunan da ba nata ba.

Mafi wuyar sha'ani ita ce haɗaɗɗiya, wato wadda ƙugunta na gaskiya ne, bututunta na wata ne, ƙotarta kuwa jiya aka sassaƙa ta. Kowane ɓangare ka tambaya shi kaɗai zai ba ka amsa mai kyau, sai ka jera su za ka ga launinsu bai dace ba, hatiman maƙerarsu sun bambanta ba tare da alamar gyaran gwamnati ba, katako bai rungumi ƙarfe yadda shekara ɗari za ta sa ya runguma ba. Nan ma maganar ita ce dai ta ɗazu. Shaida guda ba ta isa.

Mun daɗe a kan matani, bari mu zo ga isnadi, wato labari. Labari shi ne ke ninka kuɗi, shi ne kuma ya fi arahar ƙerawa. Tun da aka yi fim ɗin nan mai suna Zulu a 1964, duk Martinin da aka ce ta halarci yaƙin Isandlwana ko na Rorke's Drift a ƙasar Zulu sai farashinta ya tashi, kuma runduna ta 24 ta sojan Ingila ce ta yi waɗannan yaƙe-yaƙe, saboda haka ba abin mamaki ba ne a sami wanda ya nemi ƙarfen buga lamba ya ɗora 24 a ƙotar bindigar da ba ta taɓa ganin Afirka ba. Ta yaya za a kama shi? Da ƙarfen dai. An yi yaƙin a watan Janairu na 1879, samfuri na uku kuwa sai can cikin shekarar aka amince da shi. Duk mai samfuri na uku ko na huɗu da ya ce maka tasa ta je Isandlwana, ba sai ka yi masa musu ba, ka nuna masa lambar da ke ƙugunta.

In kuna son misalin isnadi mai ƙarfi, ga shi. A 2003 wasu 'yan kasuwar kayan tarihi suka saye tsohon rumbun makaman gwamnatin Nepal da ke fadar Lagan Silekhana a Katmandu, inda bindigogi sama da dubu hamsin suka shekara da shekaru a jibge cikin ƙura. An san inda suka kwana, an san wanda ya sayar, an san wanda ya saya, kuma a jikin da yawa daga cikinsu ga hatimin Ingila, ga na rumbunan Indiya, ga rubutun Nepal, kowanne yana nuna zangon da bindigar ta yada. Irin wannan shi ne silsilar da ba ta yanke ba. Amma ko a nan sai da aka zauna aka rarrabe ƙirar Ingila da ƙirar gida, don a rumbu ɗaya suka kwana. Ingancin isnadi bai ɗauke wa kowa duba matani ba.

To, ina ruwanmu da wannan duka, mu da ke Kano da Katsina da Damagaram? Da ruwanmu ƙwarai. A gidajen sarauta da gidajen tsofaffin mayaƙa da maharba akwai bindigogin gado, kuma kusan kowace da labarinta. Wannan an ce da ita aka tare Nasara a Kano a 1903, waccan an ce ta je yaƙin Burmi, wata kuma an ce daga rundunar Rabe ta fito. Ba na cewa ƙarya ne, wasu gaskiya ne tsantsa, kuma magabatan da suka ba da labarin ba su da abin da za su ci da ƙarya. Amma ruwaya takan zame a hanya, jika ya ɗora labarin wata bindiga a kan wata. An kashe Rabe a Kusuri a 1900, saboda haka bindigar da ke da hatimin Sarki Edward ba ta yi masa aiki ba. An yi Burmi a 1903, saboda haka mai haruffan G da R na Sarki George, wanda ya hau gado a 1910, ba ta je can ba, sai dai ko ta je yaƙin Kamaru ko na Bama a hannun wani kakan daban, wanda shi ma labari ne da ya cancanci a riƙe. Gajeriyar Martini-Enfield kuwa, wadda sojojin rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma suka riƙe a farkon ƙarni na 20, in aka same ta a nan, zamaninta bai saɓa wa labarin ba. Lura dai, rashin saɓani daban, tabbaci daban.

Galibin abin da ke hannun mutanenmu na wancan zamani ma ba irin waɗannan ba ne, adaka ce mai ƙanƙara da albarushi, wadda ake ɗurawa ta baki, kuma akwai dalili. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a birnin Burasal, suka hana shigo wa yawancin ƙasashen Afirka da bindigogin zamani masu tsaga, suka bar musu masu ƙanƙara. Maƙeran Bamingam da na Liyej a Beljiyam suka ci gaba da ƙera irin waɗannan musamman don kasuwarmu, shekaru da yawa bayan sojan Turai sun yar da su. Saboda haka tsohuwar siffa ba ta nufin tsohon zamani. In ka ga haruffan E da L da G cikin da'ira mai siffar ƙwai, aikin Liyej ne, in kuma da kambi a bisa da'irar, to, daga 1893 zuwa sama aka gwada ta. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa, inda Faransa ta kama Damagaram a 1899, sun fi gamuwa da bindigar Gras ta 1874, wadda ake rubuta wa sunan maƙera a ƙugu, ko Saint-Étienne ko Châtellerault ko Tulle, a buga shekara a bututu, a kuma maimaita lamba ɗaya a sassa dabam-dabam, abin da ke sauƙaƙa gane haɗaɗɗiya.

Kada kuma mu raina ƙirar gida. Maƙeran Samori, sarkin nan da ya yaƙi Faransa, sun kwaikwayi bindigogin Faransa da hannu, Sarkin Damagaram Tanimu ya sa an zuba igwa a birninsa. A ra'ayina, bindigar da maƙerin ƙasar nan ya ƙera a wancan zamani, in ta tabbata, ta fi ta Enfield wuyar samu nesa ba kusa ba, don ita Enfield dubu ɗari-ɗari aka yi ta. Ga ta nan kuma babu kambi, babu shekara, babu kan kibiya da za su yi mata shaida, sai aikin hannu da labarin gida. A irin wannan hali isnadi shi ne kusan dukan hujja, shi ya sa rubuta shi ya zama wajibi tun masu ruwaya suna da rai.

Saboda haka, masu sauraro, ga 'yar maganata gare ku kafin lokaci ya cim mana. Wanda ke da irin wannan gado a ɗaka, kada ya sa mata samfefa, kada ya shafa mata fenti, kada ya sauya mata ƙota don ta yi kyau, domin shaidun da muka yi ta lissafawa yake gogewa da hannunsa. Kada kuma ya kuskura ya gwada harba ta, ko ya bar yara su yi wasa da ita, don tsohon ƙarfe yana fashewa, kuma sau da yawa akan tarar da adaka da ɗurinta a ciki tun na mai ita na farko. A sami dattijon gida a zauna da shi, a rubuta wanda ya fara riƙe ta, da wanda ya gada, da inda aka ce ta je, da wanda ya faɗa, a sa kwanan wata, a ɗauki hoton kowane hatimi. A kuma tuna da hukuma: a Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta ɗora sharaɗin lasisi a kan mallakar bindiga, kada wani ya ɗauka tsufa ya fid da tasa daga hukunci sai ya tambaya, kuma fitar da kayan tarihi waje sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Sauran ƙasashe ma kowace da tata dokar. Mai neman a duba masa, ya fara da ma'aikatan gidajen tarihi, irin su Gidan Makama a Kano ko gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, ya kai musu hotuna da abin da ya rubuta, kafin ya saurari dillalin da ya zo da kuɗi a hannu yana gaggawa.

 Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasashenmu, ya jiƙan magabatanmu.